Bishiya Arba'in da Biyar

Tungar Dogo, ta Wara
9 ga Maris, 2024

Zuwa ga ɗana Cindo,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan takardar nan ta iske ka lafiya. Mu nan lafiya lau, in ka cire abin da zan gaya maka a ƙasa. Yayanka Jacob na gaishe ka, shi da matarsa Grace. Ita ce dai har yau ke ɗaukar hoton takardata ta tura maka, in taka ta zo kuma ta bugo mini ita a Wara ran kasuwa. Ka daina ce mata ta miƙo mini waya mu yi magana. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koya wa ɗiyan mutane rubutu, ba zan ƙare da hawa tudun makaranta neman sabis ba, ina ta "kana ji na? kana ji na?" har maƙwabta su san sirrina.

Zafi ya shigo, ruwan tafki ya fara ja da baya. Albasa ta yi kyau bana, kifi ne dai ya yi wuya. Azumi jibi ko gata.

To ga maganar. Na daɗe ina gani dishi-dishi, ina ce tsufa ne. Grace ta matsa mini, munka tafi Yelwa wurin likitan ido. Ya haska, ya auna, ya ce jijiyar ido ce ke mutuwa. Na hagu ya riga ya tafi, na dama na bin bayansa. Ya ba ni maganin ɗigawa, ya ce zai rage mishi sauri amma ba zai tsai da shi ba. Yanzu ganina kamar mai leƙe ta hudar katanga ne, tsakiya kawai, gefe babu.

Tun ranar da uwarka, yayata, ta rasu ta bar mini kai kana rarrafe, ban taɓa roƙonka komi ba. Yau zan roƙa. Shekara tara rabona da kai. Hotunan da kake turowa ban gane komi cikinsu, ga ƙanƙanta ga hular sanyi har gira, sai dai Grace ta ce ka yi ƙiba in ce to. Ina so in ga fuskarka tun idon nan na aiki. Ban ce ka zo ka zauna ba. Ka zo in dube ka, ka koma.

Innarka,
Hansatu

Landan
14 ga Afrilu, 2024

Inna,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina gaida Yaya Jacob da Grace da duk mutanen tunga. Ni lafiya, sai 'yar mura da ba ta rabuwa da ni. Ran Sallah a wani zauren wasanni muka yi idi, na dawo ɗaki na dafa shinkafa na ci, na buɗe kwamfuta na ci gaba da aiki, don ranar Laraba ce kuma a nan ba hutu. Mutum ɗaya ya ce mini barka, wani ɗan Sudan a bakin ƙofa, ban ma san sunansa ba.

Maganar ido ta tayar mini da hankali. Na yi ta karatu a kanta. Inna, yawanci a shekarunki yanar ido ce, ita kuwa cire ta ake yi mutum ya koma gani garau. Kada a tsaya kan likita ɗaya. Yaya Jacob ya kai ki Sakkwato a sake dubawa.

Kin sha tambayata wane irin aiki ne wannan da ake yi daga ɗaki, ba ofis ba shugaba. Bari in gwada miki da tafiyata. Mutum zai rubuta sunan gari biyu a shafinmu, mu kuma mu gaya masa abu uku: nisan da ke tsakaninsu, awa nawa jirgi zai yi, da yawan hayaƙin da kujerarsa za ta jawo. Ni ne mai duba lissafin. Daga Landan zuwa Abuja kusan kilomita dubu huɗu da ɗari bakwai da saba'in ne. Jirgi na yin awa shida da rabi. Hayaƙin kuwa, iskar kabon ke nan, wadda ke ƙara wa duniya zafi tana rikita damina, a lissafinmu zuwa da dawowa kusan tan guda ne na mutum ɗaya. Kafin a shanye wannan, sai manyan bishiyoyi arba'in da biyar sun shekara suna zuƙa. Ni kaɗai fa, tafiya ɗaya. Tun da na san haka, duk jirgin da ya wuce ta saman ɗakina sai in ga kamar daji ne aka cinna wa wuta.

Shafi na biyu.

Ki yi haƙuri da surutuna, na wanda ya kwana biyu bai samu abokin hira ba ne. Ga ainihin magana. Takardar zamana a ƙasar nan ta ƙare, na kai a sabunta, kuma doka ta ce in na fita kafin a ba ni amsa, neman ya rushe, ba zama ba aiki. Sun ce wata uku ko huɗu. Da zarar ta fito zan nemi hutun Disamba in taho in yi wata guda cur. Wallahi ba ranar da ba na tuna ki. Ki ci gaba da ɗiga maganin.

Na bar ki lafiya. Allah ya ƙara sauƙi.

Ɗanki,
Cindo

Tungar Dogo
2 ga Yuni, 2024

Malam mai hayaƙi,

Ina gaishe ka, ina fatan murar ta sake ka. Mu nan sai godiya. Takardarka ta zo, Grace ta karanta mini har sau biyu, don ƙananan rubutun nan naka sun fi ƙarfina yanzu. Na ce ka zo in gan ka, ka aiko mini da darasin lissafi. Ko sallama ba ka yi ba a ƙarshe, ka tsaya kan daji da wuta kamar wanda anka fizge wa biro. Haka ake rufe takarda a Landan? Ni dai ba haka na koya maka ba.

Kwana uku na yi ina fushi, har Grace ta daina shigowa. Daga baya na zauna na yi tunani. Ban ce ƙarya kake ba. Ni ma na ga damina ta sake hali, ta zo a makare, in ta zo kuma ta zo da faɗa. Kuma mu mun san yadda ake ɓata wa wasu wuri don daɗin wasu. Ina 'yar shekara bakwai anka kwashe mu daga gungu, tsibirinmu, anka datse kogi don a ba birane wuta, ɗorawar babanmu na nan ƙarƙashin ruwa har yau. Saboda haka in ka ce ba ka son zuba wa bayin Allah hayaƙi, ba zan ce ka haukace ba. Tun kana ƙarami haka kake, kai ne mai tsince ƙananan kifi daga taru kana mai da su ruwa, Jacob na bin ka da zagi.

To tunda itace ne matsalar, an gama. Jacob ya samo mini dashe arba'in da biyar wurin masu reno a Yelwa, mangwaro talatin, kashu goma sha biyar. Ruwa ya sauka sosai ran Talata, munka dasa su gonar marigayi mijina ta bayan gida, can tudu inda tafki ba ya kaiwa. Ni na riƙa saka su rami da hannuna, Jacob na rufewa yana gunaguni. Kowane na kewaye shi da ƙaya saboda awakin maƙwabciyata Halima, waɗanda ba su da tarbiyya ko kaɗan, sun biyo uwar ɗakinsu. Mutanen tunga na ta zuwa kallo. Na ce musu ɗana ne ya ce sai da itace zai hau jirgi, sunka ce ikon Allah, boko ya kai inda ya kai.

Ido kuwa ba yana ba ce. Na gaya maka abin da likita ya ce, kai kuma ka fi shi sani daga cikin kwamfuta. Dubi girman rubutuna ka gani, shafi huɗu na ci kan 'yar maganar nan.

Itace dai ga su a ƙasa. Sai ka gaya mini ranar zuwa.

Innarka

Landan
10 ga Yuni, 2024

Inna,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Mura ta tafi. Kin kashe ni da dariya, ni kaɗai a ɗaki har maƙwabcina ya buga bango. Na manta rabon da in yi dariya irin wannan. Ina ganin Yaya Jacob a raina, tsugune yana haƙa rami yana zagina. Ga rubutunki kuma irin na allon aji ɗaya, kamar kina tsoron in tsallake wani harafi.

Amma ai manya na ce, Inna. Dashe mai tsawon kamu biyu bai shan komi. Ki bari su yi inuwa tukuna, sai in zo in shimfiɗa tabarma a ƙarƙashi ki ba ni labarin awakin Halima.

Maganar zuwa tana nan yadda na gaya miki. An je Sakkwato kuwa?

Cindo

Landan
18 ga Agusta, 2024

Inna,

Ina gaishe ki, ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Yau wata biyu da kwana takwas ban ga rubutunki ba. Sau uku ina kiran Grace, kullum amsa ɗaya, lafiya lau, za ta rubuto. Na san muryar Grace in an hana ta magana.

Ga albishir, ko zai sa ki huce in ma fushi ne. Takardar zaman da na ba ki labari a shafi na biyu na wasiƙar Sallah ta fito tun ashirin da biyu ga Yuli. Na nemi hutun Disamba, an ba ni. Saura wata huɗu.

Inna, zaman nan ya ishe ni. A makon jiya na lura kwana biyar na yi ban buɗe baki na yi wa ɗan Adam magana ba. Kanti na'ura ce ke karɓar kaya, aiki ta rubutu ne. Wuni nake ina haɗa garuruwan mutane, wannan da wancan awa biyu, wancan da wancan awa tara, ni kuma ban fi zuwa bakin titi in dawo ba. Ran nan na rubuta Landan a gefe ɗaya, na rubuta Yauri, ƙasarmu, a ɗayan, don kawai in ga sunayen kusa da juna. Shafin ya ce bai san garin ba, in zaɓi wani. Ni na gina wurin da ke ba da wannan amsa, amma sai da ta yi mini zafi.

Takardarki ce kaɗai abin da ke zuwa da sunan da aka san ni da shi a gida. In wani abu na faɗa, ki zage ni a rubuce, na fi son haka da shirun nan.

Ɗanki,
Cindo

Tungar Dogo
6 ga Satumba, 2024

Ƙanina Cindo,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni ce Grace. Yayanka da yara suna lafiya. Inna ba ta san ina rubuta wannan ba, ta hana ni, amma na gaji da yi maka ƙarya a waya.

Da farko in nemi gafara. Da takardarka ta Agusta ta zo kana maganar shafi na biyu, ban gane ba, don shafi ɗaya na bugo a watan Afrilu. Na koma cikin waya na yi ta ja har na kai wurin. Ashe hoto biyu ka turo. Na biyun bai buɗe ba saboda sabis, yana nan dusu-dusu, ni kuma ban kula ba. Abin da Inna ta ji daga gare ka ke nan: ta roƙe ka ka zo, ka ba ta nisa da awa da hayaƙi da bishiya, ka yi shiru. Ba ta san da maganar takardar zama ba, ba ta san da Disamba ba.

Shukar nan kuma ba wasa ba ce. Na san bakinta da zolaya, shi ya sa ka ɗauka wasa ne, amma da gaske take. Da ka ce sai sun yi inuwa, ta sa Jacob ya kira mai renon ya tambaye shi shekara nawa mangwaro ke yi kafin a zauna ƙarƙashinsa. Ya ce huɗu ko biyar. Ta ce to. Tun daga ranar ba ta sake ambaton zuwanka ba, ba ta sake neman biro ba. Amma kullum da safe tana gonar. Tana bin su ɗaya-ɗaya tana gyara ƙaya, hannunta duk ya farfashe. Uku sun mutu, ta hana Jacob sakat sai da ya sake samo uku. Na ce Inna ki huta mana, ta ce yaron ya ce arba'in da biyar.

Jiya na bugo shafin na karanta mata. Ta saurara har ƙarshe. Can ta ce, "Ashe ya yi sallama." Ta sa na maimaita mata ƙarshen, sannan ta karɓi takardar ta shige ɗaki.

Sakkwato ba a je ba, ta ƙi, ta ce likitan Yelwa bai yi mata ƙarya ba. A ganina abin da ya rage a idon kaɗan ne. Takan zuba ruwa gefen kofi, takan kira ni da sunan Halima sai na yi magana. In za ka zo, kada ka jira Disamba.

Taka,
Grace

Landan
7 ga Satumba, 2024

Inna,

Ina gaishe ki. Ban san ta inda zan fara ba. Grace ta gaya mini komi, kada ki yi mata faɗa.

Wallahi wasa nake. Ban taɓa sa miki sharaɗi ba, wane ni. Lissafin nan na rubuta ne don ba ni da wani labari da zan ba ki, shi kaɗai nake da shi. Kin faɗa mini gaskiyar idonki tun a takardar farko, kin sake faɗa a ta biyu, ni ne na ƙi ji don ban so ta zama gaskiya. Na ga girman rubutunki na yi dariya. Takardata kuma tana hannuna tun Yuli, ina zaune ina jiran Disamba. Wannan ba laifin sabis ba ne, nawa ne.

Na gaya musu a wurin aiki zan tafi, ko su yarda ko kada su yarda. Na samu kujera ran Alhamis, sha biyu ga wata. Awa shida da rabi zuwa Abuja, in sauka da safiyar Juma'a. Daga nan mota zuwa Kontagora, in sake wata zuwa Wara, Yaya Jacob ya tare ni da babur. Wannan ɓangaren ya fi na saman tsawo, kuma shafinmu bai taɓa lissafa shi ba. In hanya ta yi kyau ba zan tsaya ko'ina ba, Juma'ar nan zan iso.

Ki bar gonar nan haka. Ki ɗiga magani a kan lokaci. Kwana shida ne, Inna, ki riƙe mini idon nan kwana shida.

Cindo

Tungar Dogo
9 ga Satumba, 2024

Ɗana Cindo,

Ina gaishe ka. Grace ke rubutawa, ni ke faɗa, in ka ga kuskure nata ne. Lafiyata lau, ina cin abinci, ina barci. Faɗa kuwa na yi mata, don ta saɓa mini, amma kaɗan.

Na ji takardarka. Ka daina wannan rabon laifi, kai ka ɗauki kaza, sabis ya ɗauki kaza. Ni ma da na aje girman kai na hau tudun makaranta sau ɗaya na yi ihun da nake ƙi, da mun gama maganar nan cikin minti biyu tun watan Afrilu. Taurin kai gare ni, kai ma a wurina ka samo.

Yanzu ka saurara da kyau. Kada ka yi gudu a hanya. In la'asar ta yi maka a Kontagora ka kwana nan, hanyar ba ta yamma ba ce, ga damina ta cinye ta. Ka iso ran Asabar da hantsi, a natse. Kada ka takura wa direba, kada ka hau motar da ta cika don ka riga lokaci. Babu abin da za ka riga.

Grace ta ce maka saura kaɗan. Ba ta sani ba, yanzu take ji tare da kai. Tun tsakiyar Agusta idon ya rufe. Na tashi wata safiya na jira gari ya waye, na ji kaji sun fita, na ji Halima na daka, sai na gane ya daɗe da wayewa. Ina rarrabe rana da inuwa, shi ke nan. Ban gaya wa kowa ba don gidana ne, na san inda komi yake, kuma ban son a fara yi mini magana a hankali kamar marar wayo. Grace, rubuta mana, ki bar kukan nan, za ki jiƙa takarda.

Ban ce ban ji zafi ba. Na ji, na yi kuka na ƙoshi ni kaɗai, na kuma yi fushi da kai, da likita, da jirgin da ban taɓa shiga ba. Abu ɗaya na roƙa a rayuwata ban samu ba. Amma kada ka fasa zuwa, kuma kada ka shigo mini da muryar ta'aziyya, ban mutu ba. Me kake so a dafa? Jacob ya ce zai nemo giwan ruwa ko da sai ya je Yelwa.

Fuskar da nake da ita ta ranar da munka raka ka tasha ce, kana ɗan shekara ashirin da bakwai, ramamme, an yi maka aski ya yi ƙasa da yawa, kana ta waiwaye ta tagar mota. Ita ke gare ni, kuma ba ta sake canjawa. Ko ka yi tumbi, ko ka yi furfura, ni ba ruwana. In ka iso ka zauna kusa da ni ta dama, ka yi ta magana, duk wadda ka tara shekara tara ba mai ji. Ni kuma in saka wa yaron nan muryar.

Allah ya kawo ka lafiya.

Innarka,
Hansatu